Auduga da Angurya a Ƙasar Garwa

Farin gashin da ake kira auduga ko kaɗa daga jikin ƙwayar iri yake tsirowa. Kowane sili ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda ke fitowa daga ɓawon angurya bayan fure ya buɗe, ta yi ta miƙewa har ta kai kimanin santimita 3. A ƙarƙashinsa akwai wani gajeren gashi da ke manne wa ɓawon, wanda ba ya kaɗuwa. A daji amfanin gashin shi ne ya taimaka wa irin ya bazu. A hannun mutane kuwa, raba shi da ƙwayar ya zama sana'a, kuma a kanta aka gina arzikin arewacin Kamaru.

Tun kafin zuwan Turawa ana shuka auduga a kwarin Binuwai da gindin duwatsun Mandara, galibi mai daɗewa a gona, wadda ake tsinka shekara da shekaru. Aikin gurza da kaɗi na mata ne. Sukan ɗora kaɗa a kan magurji su murza ta da siririn ƙarfe har angurya ta fice, su shiɓe ta, sannan su kaɗa zare da mazari. Aiki ne mai cin rai, ana wuni a kansa a tara ɗan kaɗan. Maza masaƙa su mayar da zaren ƙyallaye masu tsawo marasa faɗi, waɗanda Fulani ke kira leppi. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya isa Yola a 1851 ya tarar ana ciniki da su a matsayin kuɗi. Fataken Hausawa da Barebari sun shiga wannan kasuwa, su da marina.

Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Faransawa suka gaje su bayan yaƙin duniya na farko, amma noman auduga na kasuwa bai kafu ba sai farkon shekarun 1950, da kamfanin CFDT na Faransa ya fara aiki a yankin Kaele. Ya raba irin Allen mai nuna a damina guda, ya kafa injinan gurza, ya ware ranakun awo. Manomi ya koma sayar da kaɗarsa da ƙwayarta a ciki, gurza ta bar tsakar gida ta koma masana'anta, matan da suka gaji magurji suka rasa wani babban kaso na abin hannunsu. Dilolin auduga kan bi jiragen ruwa daga tashar Garwa zuwa Burutu a Najeriya, a 'yan watannin da kogi ke cika. Yaƙin Biyafara ya katse hanyar a 1967, da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974 sai kaya suka juya kudu zuwa Duwala.

A 1974 ɗin aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, hedkwatarsa a Garwa, da injinan gurza a garuruwa irin su Marwa, Gidar da Tuboro. A wasu shekarun abin da yake saye ya haura tan 300,000. Fiye da rabin nauyin nan angurya ce, don haka ba a barinta a banza. A matatun mai na Garwa da Marwa ana fasa ɓawon, a matse ƙwayar a fitar da man girki na Diamaor, bayan an tace wani sinadari mai guba da ke cikinta, wato gosifol. Tunkuzar da ɓawon su zama abincin shanu, makiyaya na rububinsu da rani idan ciyawa ta ƙare. Irin da aka keɓe domin shuka kuma a mayar wa manoma kafin saukar ruwan farko.