Matse Bakin Bututu da Ƙarfin Tunkuɗa Jirgi: Tahƙiƙi a Kan Injin Ban-ruwa a Gulbin Rima

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin ra'ayin da ke cewa iyakar ƙuntata bakin bututun famfo iyakar ƙarfin da zai tura kwale-kwale da shi. Lissafi ya nuna cewa a famfo mai inci 3 ƙarfin yana kai ƙololuwa ne idan faɗin bakin ya kusa inci ɗaya da rabi, kuma baki mai rabin inci ya kasa ko da bututun da ba a taɓa ba.

Muƙaddima

Duk wanda ya san fadamar Kwalkwalawa da gaɓar Gulbin Rima a gefen birnin Sakkwato ya san cewa ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur ya zama ruwan dare tun bayan shirin Fadama na shekarun 1990, kuma ya san cewa gulbin da ya cika ya batse a damina, har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo a ambaliyar 2010, shi ne kuma yake janyewa da rani ya bar tudun yashi inda farfelar injin jirgi ba ta iya juyawa sai ta ci ƙasa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai injin da ke zaune ba aiki ya yi tunanin ɗora shi a kwale-kwale, ya zuƙi ruwa ta ƙasa ya feso shi ta baya, kamar yadda babur ɗin ruwa yake tafiya, wato irin wanda kamfanin Kawasaki ya fitar da sunan Jet Ski a 1973. Mas'alar da ta rage ita ce irin bakin da mai walda zai ƙera.

Waiwaye

Sarrafa ruwa da siffar bakin bututu tsohon ilmi ne, domin Banu Musa na Bagadaza sun bayyana maɓuɓɓugai masu sauya kamannin feshinsu a cikin Kitabul Hiyal tun ƙarni na 9, sannan Bernoulli ya daidaita ƙa'idar matsi da gudun ruwa a 1738. Bill Hamilton na ƙasar Niyuzilan kuwa, a shekarun 1950, ya ƙera jirgi mai tafiya da feshi saboda kogunan ƙasarsa marasa zurfi, wato lalurarsa irin tamu ce.

Saɓaninmu yana tare da jamhurun makanikai da masu walda, waɗanda hujjarsu ƙiyasi ce da abin da kowa ya gani a wurin wankin mota: idan aka danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan yakan yi tsiri ya kai nesa. Abin da suka gani gaskiya ne, amma hukuncin da suka ciro daga gare shi akwai gyara, domin sun ɗauki nisan feshi a matsayin ma'aunin ƙarfi, alhali kuwa abin da ke tura jirgi, bisa ƙa'idar Newton, shi ne nauyin ruwan da ya fita a kowace daƙiƙa a ninka shi da gudunsa. Yatsan da ya ƙara gudu shi ne ya rage yawa, kuma ido yana ganin ƙarin bai ganin ragin. Hatta masu gyaran babur ɗin ruwa a Amurka da Turai sun san cewa faɗaɗa bakin kaɗan yana ƙara ƙarfin tashi, ƙuntata shi kuma yana neman gudu ne a ƙarshen totur.

Hanyar Bincike

An ɗauki famfo mai inci 3 da ke fitar da lita 1,000 a minti idan ba a tare shi ba, yana kuma ɗaga ruwa mita 25 idan an toshe shi, wanda ya yi kusa da abin da ake rubutawa a jikin irin waɗannan injuna. An ƙaddara cewa yawan ruwan yana raguwa daidai wa daida da ƙaruwar matsi, sannan aka lissafa tunkuɗar baki biyar, jirgi yana tsaye.

Natija

Bututun da aka bari yadda yake, mai inci 3, yana fitar da kusan lita 980 a minti, amma da gudun da bai kai mita 4 a daƙiƙa ba, sai tunkuɗarsa ta tsaya a wajen kilo 6. Da aka rage bakin zuwa inci 2, ta tashi zuwa kilo 11; a inci ɗaya da rabi ta kai kilo 14, ruwan yana gudun mita 11 a daƙiƙa kuma har yanzu lita 750 ke fita. Zuwa nan masu cewa a matse suna da gaskiya, kuma adalci ne a ba su ita, tun da matsewar ta ninka ƙarfin fiye da sau biyu ba tare da ƙarin ko cokali ɗaya na fetur ba.

Daga nan ne al'amarin ya juya. A inci 1 gudun ya haura mita 15, amma ruwan ya ragu zuwa lita 480, tunkuɗar ta sauko zuwa kilo 13. A rabin inci kuwa, wanda shi ne bakin da ya fi burge mai kallo, domin feshinsa yana gudun mita 20 a daƙiƙa kuma yana iya yin zafi a fatar mutum, lita 155 kacal ke wucewa, tunkuɗar kuma ba ta kai kilo 5 da rabi ba. Ma'ana, wanda ya sayi ƙarfe ya biya ladan walda don ya sami wannan baki ya koma bayan wanda bai yi komai ba, ga kuma famfon yana dakan ruwan da ba shi da mafita. Wannan shi ne abin da muke son ya zauna a zukatan masu sana'ar: tsakanin inci ɗaya da kwata da inci ɗaya da rabi alherin yake, kuma kuskure ta wajen faɗi ya fi sauƙin hasara bisa kuskure ta wajen ƙunci.

Game da juya jirgi, idan aka haɗa bakin da guntun tiyo aka sa masa mariƙi, karkata shi digiri 30 yana mayar da rabin ƙarfin zuwa gefe, wajen kilo 7, kashi 87 cikin ɗari kuma yana nan yana turawa gaba. Sai dai juyin duka daga feshin yake, don haka matuƙin da ya saki totur saboda ya hangi haɗari ya saki akalar jirginsa a daidai lokacin da ya fi bukatarta, kuma wannan aibi sananne ne a babur ɗin ruwa kansa.

Iyakokin Binciken

Lissafi ne, ba gwaji a kan ruwa ba, kuma bai cire abin da gogayyar tiyo, da lanƙwasar bututu, da toshewar rariya da ciyawa, da yashin da ke cin farfelar famfo za su rage ba. Tunkuɗar kuma tana raguwa idan jirgi ya fara gudu. Waɗannan za su sauke alƙaluman, amma ba za su sa rabin inci ya riski inci ɗaya da rabi ba.

Hukunci

Kilo 14 ya isa ya tura ƙaramin kwale-kwalen masunci a ruwa mai kwanciya lokacin rani, amma bai isa ya yi jayayya da igiyar Rima a watan Agusta ba, balle da lodin mutane da buhuna. Muna kira ga sassan injiniyanci na manyan makarantun Sakkwato su gwada waɗannan bakuna biyar da sikeli a gaban masu walda, kuma kafin nan kada wani matuƙi ya bar gora da filafili a gida saboda ya ɗaura famfo.