Arlit da Tarihin Dokar Safarar Baƙin Haure

Garin Arlit, wanda aka kafa a 1969 a jihar Agadez domin ma'aikatan haƙar yuraniyam na kamfanin SOMAÏR, bai daɗe ba ya zama zango a kan hanyar da ta bi ta Assamaka zuwa Tamanrasset ta Aljeriya, kuma shekaru da dama jigilar 'yan ci-rani a wannan hanya sana'a ce ta fili, inda 'yan kamasho ke tara fasinja a tasha, direbobi kuma su biya kuɗi a shingen jami'an tsaro su wuce.

Lamarin ya sauya bayan watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace. A ranar 26 ga Mayu 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure, wato ƙetarar da mutum iyaka ba bisa ƙa'ida ba domin samun riba, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Daga 2016 aka shiga aiki da ita gadan-gadan da goyon bayan Tarayyar Turai, aka tura direbobi gidan kaso, aka ƙwace motoci.

Masu bincike, irin su Julien Brachet na Faransa da cibiyar Clingendael ta Holan, sun nuna cewa dokar ba ta hana tafiya ba, sai dai ta mayar da ita a ɓoye, domin direbobi sun riƙa kauce wa rijiyoyin da sojoji ke gadi, kuɗin mota ya hau, haɗarin mutuwa ya ƙaru, wasu da suka rasa abin yi suka nufi mahaƙar zinariya ta Tchibarakaten, yayin da fashi ya yawaita a hanyoyi.

A ranar 25 ga Nuwamba 2023 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar, ta kuma share hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. Saboda haka duk mai nazarin alƙaluman laifi na Arlit tilas ya fara da tarihin doka, tunda aiki guda ya zama laifi a 2015, ya koma sana'a a 2023, alhali aikin kansa bai sauya ba.