Christy Brown, yaron da ya yi zane da ƙafar hagu

Ranar 5 ga Yuni, 1932, aka haifi Christy Brown a asibitin Rotunda da ke Dablin, babban birnin ƙasar Ayalan. Mahaifinsa Patrick magini ne, mahaifiyarsa Bridget kuwa haihuwa 22 ta yi, 13 suka rayu. Gidan talakawa ne a unguwar Kimmage, yara ko'ina, abinci sai an yi dabara.

Tun yana ɗan watanni uwar ta lura wuyansa ba ya tsayawa, hannuwansa kullum a dunƙule. Likitoci suka ce ƙwaƙwalwarsa ta samu lahani, irin lalurar nan da ke hana mutum sarrafa gaɓoɓinsa. Ba ya iya zama, ba ya iya kai loma baki, magana kuma sai gurnani. Aka ce mata yaron ba shi da hankali, ta kai shi gidan da ake ajiye irinsa ta huta. Bridget ta ce ba inda ɗanta zai je. Duk da girki da wanki da goyo, takan zauna kusa da shi tana nuna masa hotunan littafi tana faɗa masa sunayensu, shekara da shekaru, ko alamar ya gane ba ta gani.

Yana da shekara biyar, wata rana da yamma a cikin sanyin Disamba, an jingina shi da matasai a ƙasan ɗakin girki. 'Yar'uwarsa Mona tana lissafi a kan allo da wani guntun alli ruwan ɗorawa. Sai ya miƙa ƙafarsa ta hagu, ya cafke allin da yatsu, ya ja layi a kan allon. Ɗaki ya yi tsit. Uwar ta durƙusa ta rubuta harafin A a ƙasa, ta ce ya kwaikwaya. Ya gwada ya kasa, ya sake, jiki na rawa, gumi na zuba, har allin ya karye. A ƙarshe harafin ya fito, a karkace, amma A ne. A gaban kowa ya tabbata akwai mutum mai hankali a cikin wannan jiki, abin da uwar ta shekara biyar tana faɗa.

Duk lokacin da na tuna wannan wuri sai zuciyata ta karye. Yara nawa aka yanke wa hukunci saboda bakinsu ya kasa furta abin da ke kansu?

'Yan'uwansa maza sukan tura shi a wani tsohon keken katako, su zaga unguwa da shi duk inda wasa ya kai su. Ranar da keken ya karye, suka ci gaba da fita, shi kuma aka bar shi a gida. A nan ne, yana wajen shekara goma, ya fara kallon jikinsa ya gane ba daidai yake da sauran ba. Ya shiga ƙunci, ya daina son fita.

Fenti ne ya fito da shi daga wannan hali. Wata Kirsimeti aka ba wani ɗan'uwansa akwatin fentin ruwa, shi kuma aka ba shi sojojin wasa, suka yi musaya. Ana manna masa takarda a ƙasa, ya zauna a takure, buroshi tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ya tsoma a ruwa, ya shafo launi, ya yi ta zane na sa'o'i har bayansa ya ƙage. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Katriona Delahunt, ta riƙa ziyartarsa tana kawo masa kayan zane da littattafai. Yana shekara 12 ya ci gasar zanen yara ta jaridar Sunday Independent.

Akwai wani abu mai ciwo da ya biyo baya. Da ya zama saurayi, Dokta Robert Collis ya sa aka fara yi masa gashi da motsa jiki, aka kuma kai shi Landan wajen ƙwararriya. Ta ce akwai fatan samun sauƙi, amma da sharaɗin ya daina amfani da ƙafar hagu, don sauran gaɓoɓin su koyi aiki. Ƙafar da ita ce bakinsa, ita ce hannunsa! Ya amince, ya daure na wani lokaci, har ya koma yana faɗa wa ƙaninsa magana yana rubuta masa. Abin bai yi masa ba. Ya cire takalmi ya koma wa ƙafarsa, kuma a ganina ya yi daidai.

Da ita ya kammala tarihin rayuwarsa, My Left Foot, wato Ƙafata ta Hagu, wanda ya fito a 1954 yana shekara 22. Ya ci gaba da zane, yana samun kuɗi ta wata ƙungiyar masu zane nakasassu. Da yatsan ƙafa ya buga littafin Down All the Days a keken rubutu, ya fito a 1970, aka fassara shi zuwa harsuna 14. Uwar ba ta ga wannan ba, ta rasu a 1968.

Shahara da kuɗi ba su raba shi da kaɗaici ba, giya kuma ta ci ƙarfinsa a ƙarshen rayuwa. Ya auri Mary Carr a 1972, suka zauna a yankin Kerry na Ayalan, daga baya suka koma Somerset a Ingila. A can ya shaƙe da abinci ya mutu ranar 7 ga Satumba, 1981, yana shekara 49. An binne shi a maƙabartar Glasnevin a Dablin.

A 1989 Jim Sheridan ya mayar da littafinsa na farko fim. Daniel Day-Lewis, wanda ya fito a matsayin Christy, ya ci kyautar Oscar. Brenda Fricker ma ta ci tata, ita da ta fito a matsayin Bridget.