Tutar Hadeja da wanda ya ba da ita

A Jamus, ƙauyen da bai kai mutum dubu ba ma yakan mallaki alamarsa ta hukuma, wato garkuwa mai zanen kifi ko bishiya ko injin niƙa, abin da ke nuna sana'ar mutanen wurin ko gidan sarautar da ya taɓa mulkinsu. Da an bi wannan tsari a Hadeja, da mai zane bai sha wahala ba, domin ga kogi, ga fadamar shinkafa, ga masunta, ga tsuntsayen Baturiya masu zuwa daga Turai. Ga kuma labarin baka na maharbi Hade da matarsa Jiya, waɗanda ake cewa daga sunansu garin ya samo nasa. To amma alamun sarautar Hadeja ba su damu da kwatanta ƙasa ba. Abin da suke nunawa shi ne inda iko ya fito.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne tambari, kalmar da a yau ake kiran alamar hukuma ko ta kamfani da ita. A fadojin ƙasar Hausa ba a kaɗa tambura sai domin sarki, musamman ranar naɗi da lokacin salla. Kafin jihadi yankin nan ƙananan masarautu ne irin su Auyo da Hadeja da Garun Gabas, wadda ake dangantawa da Biram ta Hausa Bakwai, kuma gaisuwarsu Barno take tafiya ta hannun Galadima da ke Nguru.

Tuta ce ta juyar da fuskar Hadeja daga gabas zuwa yamma. Bayan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi a 1804, Umaru, shugaban Fulanin yankin, ya tura ƙanensa Sambo ya karɓo masa tuta. A ido ƙyalle ce kawai a kan sanda, amma ma'anarta tana da nauyi: mai riƙe da ita yana yaƙi da izinin Shehu, kuma ƙasar da ya ci amana ce a hannunsa. Sambo ya hau mulki a 1808, ya mai da Hadeja mazaunin sarauta, ya yi kusan shekara 37 a kan gado.

Sai dai duk abin da aka bayar da izini ana iya janye shi, kuma a nan ne rigimar Buhari ɗan Sambo ta samo asali. Ya hau gado a 1848. Bayan kisan Sarkin Auyo Nalara, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. A ƙa'idar tuta magana ta ƙare ke nan. Buhari bai yarda da haka ba. Ya dawo da ƙarfin yaƙi a 1851, Ahmadu ya rasa ransa, rundunar da aka haɗo domin a ladabtar da shi kuwa ta watse a Gamon Kafur. Daga nan har rasuwarsa a 1863, wajen yaƙi da Bade, Hadeja ta zauna ba ta bin umarnin Sakkwato. Shi ya sa har yau sunansa yake raba masu tarihi: a wasu garuruwan maƙwabta ana tuna shi da hare-hare da kamun bayi, a Hadeja kuwa da jarunta. Bayansa masarautar ta koma ƙarƙashin Sarkin Musulmi.

Alama ta uku da bakin bindiga ta iso. Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, Hadeja ta ƙi sakin jiki da Turawan Ingila, har ranar 25 ga Afrilu 1906 sojojinsu suka kutsa cikin ganuwa. Sarki Muhammadu ya mutu yana yaƙi, shi ne wanda ake kira Mai Shahada. Sarakunan da suka biyo baya sandar girma suka riƙa karɓa daga hannun gwamnati, tare da rantsuwar biyayya.

Sandar ta wuce zamanin waɗanda suka kawo ta. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, gwamnan da ke Dutse ne yake miƙa ta, kuma a ƙarƙashin wannan tsari ne Mai Martaba Adamu Abubakar Maje ya gaji mahaifinsa a 2002.