Alhakin Rushewar Bango a Filadelfiya

Ranar 5 ga Yuni 2013, ana cikin rushe wani bene a birnin Filadelfiya na Amurka, sai bangonsa ya auka wa kantin Salvation Army da ke maƙwabtaka, mutum 6 suka rasu. Ɗan kwangila da matuƙin motar rusau kaɗai aka ɗaure. Amma a 2017 shari'ar diyya ta haɗa har da mai ginin, da ƙungiyar da ta bar kantinta buɗe bayan an gargaɗe ta. Aka daidaita kan dala miliyan 227. Iyalan mamatan kuwa suka tsaya tsayin daka har aka mai da filin wurin tunawa a 2018. Lalle wanda ya san haɗari ya yi shiru, shi ma yana da alhaki.