Kiro'o Games: Shekara 13 Ana Ƙera Sarkin Zama

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Kano ko Maraɗi ya san abin da zai tarar. Yara sun yi cincirindo gaban talabijin, biyu suna riƙe da hannun gem, saura na jiran layi, ana ta musu tsakanin 'yan Barcelona da 'yan Madrid. Ƙwallon da suke bugawa kuwa, in PES ce daga Japan ta fito, in FIFA ce a Kanada aka haɗa ta. Namu dai biya da bugawa. Shi ya sa labarin wasu samarin Kamaru da suka ce su ma sai sun ƙera nasu ya cancanci a ba da shi da Hausa.

Yawunde ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. Unguwar Briqueterie da ke tsakiyar birnin ta daɗe da zama zangon Hausawa, kuma tsirenta sananne ne har ga waɗanda ba su jin ko "sannu". A wannan birnin ne wani matashi mai suna Olivier Madiba, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, ya raini wani tunani da ya faro tun 2003: wasan bidiyo da jaruminsa baƙar fata ne, ƙasarsa da suturarsa da kakanninsa duk na Afirka. Ya sa masa suna Aurion. Da manhajar RPG Maker ya soma, wadda 'yan koyo ke amfani da ita su harhaɗa ƙananan wasanni irin na Japan. Shi da abokansa, ciki har da Dominique Yakan, sun shafe shekara 10 suna ginawa suna rushewa, ba ofis, ba albashi.

A 2013 suka kafa kamfanin Kiro'o Games, na farko irinsa a yankin Afirka ta Tsakiya. Ba su kaɗai ba ne a nahiyar. Tun 2009 Eyram Tawia na Ghana da Wesley Kirinya na Kenya suka haɗa gwiwa suka kafa Leti Arts, a Legas kuma Hugo Obi ya buɗe Maliyo Games a 2012, yana fitar da ƙananan wasanni kan kashe sauro da tuƙa acaɓa. Bambancin 'yan Yawunde shi ne girman abin da suka ɗauko. Ba wasan rage lokaci na minti biyar suke so ba, dogon labari suke so na kwamfuta, wanda mutum zai yi kwanaki yana bi, irin wanda kamfanonin waje ke zuba wa miliyoyin daloli.

A nan gizo ke saƙa. Wane banki ne zai ba saurayi bashi ya je ya zana jarumin da babu shi? Ba fili, ba shago, ba kayan da za a riƙe jingina. Sai Madiba ya yi abin da, a ganin mai wannan rubutu, ya fi wasan kansa zama abin koyi: ya yanka wani ɓangare na kamfanin gida 300, ya sa wa kowane kaso sefa 400,000, ya baza tallarsa a intanet. Kamar adashe ne, sai dai masu zubin ba su san juna ba, kuma ba wanda aka yi wa alkawarin ranar kwasa. Ana samun mai saye, a biya masu zane da masu rubuta manhaja, a ci gaba da aiki, a nuna wa jama'a inda aka kai, wani ya gani ya yarda shi ma ya sayi nasa. A haka, zuwa 2015, masu zuba jari daga ciki da wajen Kamaru suka tara sefa miliyan 120, wato kimanin Yuro 182,000. A shekarar ne kuma suka shiga dandalin Kickstarter, inda masu sha'awa suka ƙara musu kusan Yuro 50,000 don a ƙarasa aikin.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, ƙarfin halin 'yan wasan kwaikwayo ne ya haifi abin da yau ake kira Kannywood.

Samun kuɗin bai kawo ƙarshen wahala ba. Ma'aikatan, su kimanin 20, suna aiki ne a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, intanet kuma na tafiyar hawainiya. Ga aikin da cin rai. Naushi ɗaya da jarumi zai kai a cikin daƙiƙa guda, sai mai zane ya zana shi hoto bayan hoto: ɗaga kafaɗa, juya ƙugu, miƙa hannu, kaɗawar riga. Daga nan mai manhaja ya koya wa kwamfuta lokacin da naushin ya taɓa abokin gaba da irin ɓarnar da ya yi. Wuta ta ɗauke kafin a adana, aikin ya tafi. An ɗage ranar fitowar wasan ba sau ɗaya ba.

Ranar 14 ga Afrilu, 2016, Aurion: Legacy of the Kori-Odan ya fito a kasuwar Steam, ta hannun kamfanin Plug In Digital na Faransa. Labarin zai yi wa mai karanta littattafan Hausa daɗin bi. Enzo Kori-Odan, magajin sarautar birnin Zama, ana shagalin naɗinsa da ɗaurin aurensa a rana ɗaya, sai surukinsa Ngarba Evou ya yi masa juyin mulki. Aka kore shi tare da amaryarsa Erine, suka shiga duniya neman magoya baya. Enzo ne mai faɗa, yana jawo ƙarfi daga gadon kakanninsa, Erine kuma tana gefensa tana warkar da shi, tana kawo masa ɗauki da nata sihirin. Ba sarauniyar da aka kulle a soro ana jiran a ceto ta ba ce, kuma wannan zaɓi ne mai kyau. Salon faɗan ya ɗebo da yawa daga jerin wasannin Tales na Japan, masu shi ma ba su ɓoye hakan ba, amma sutura da kiɗa da rigimar gadon sarauta na gida ne.

Manyan kafofin labarai na duniya sun yi ta zuwa Yawunde ɗaukar labarin. Sai dai suna daban, ciniki daban. A lokacin da ya fito, wasan na buƙatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da katin banki na saye a intanet, da datar sauke shi, abubuwan da yaron da ke jiran layi a gidan gem ba shi da su. An ƙera wasa a kan Afirka, amma hanyar sayensa ta fi sauƙi ga wanda ke zaune a Turai.

Kiro'o ba su rufe shago ba. Sun mayar da labarin Aurion littafin zane, sun sake sayar da hannun jari ta intanet, sannan suka juya ga na'urar da ke aljihun kowa, wato waya. Wasansu na Le Responsable Mboa ya bar duniyar sarakuna da sihiri, ya dawo ofishin gwamnati. Mai wasa ƙaramin ma'aikaci ne a wata ƙirƙirarriyar jamhuriya mai suna Mboa, ga takardu jibge a kan tebur, ga albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga burin ƙarin girma. Idan aka miƙo masa na goro a ƙarƙashin fayil, shi zai zaɓa ya karɓa ko ya mayar, wasan kuma ya ci gaba da tafiya bisa abin da ya zaɓa.