Kumfar Aski a Kan Dutsen Kabari: Dabarar da Masana Suka Hana

A tsofaffin maƙabartun Amurka, dutsen da ke kan kabari tamkar takarda ce: akwai suna, shekarar haihuwa da ta rasuwa. A ƙarni na 19 an fi sassaƙa su da mabul saboda taushinsa. Sai dai taushin nan shi ne matsalar. Mabul sinadarin kalsiyam kabonet ne, ɗan'uwan alli, kuma ruwan sama mai asid yana cin sa sannu a hankali har rubutun ya dushe.

Bayan littafin Roots na Alex Haley ya fito a 1976, aka mayar da shi shirin talabijin a 1977, Amurkawa da yawa suka bazama neman asalinsu. Wasu suka je kaburburan kakanninsu, suka tarar rubutu ba ya karantuwa. A cikin dabarun da suka yaɗu akwai ta kumfar aski: a shafa ta a fuskar dutsen, a share da roba, farin ya maƙale cikin haruffa, sai a ɗauki hoto. Ka ga ke nan tun asali ba wanki ake nufi ba, karatu ake so.

To ina illar? An fi zargin asid ɗin stiyarik da ke cikin kumfar, amma shi ba mai ƙarfi ba ne, kuma an riga an haɗa shi ya zama sabulu. Abin damuwar shi ne tsohon dutse yana da ƙananan ƙofofi kamar soso. Maiƙo da turaren kumfar suna shigewa ciki, ɗauraya ba ta fitar da su duka, su riƙa kama datti. Gogar robar ma tana iya kankare fuskar da ta fara marmashewa. Shi ya sa ƙungiyar Association for Gravestone Studies, wadda aka kafa a 1977, ta ce a guje ta.

Mafitar kuwa tsohuwa ce. Daniel Farber, wanda ya ɗauki hotunan dubban duwatsun kabari, madubi yake amfani da shi: ya karkato hasken rana daga gefe, inuwa ta cika haruffan, rubutu ya fito ba tare da an taɓa dutsen ba. Idan kuma wanki ya zama dole, ruwa mai tsabta da buroshi mai laushi ake farawa da su. Harafin da ya kankare dai ya tafi ke nan, wataƙila tare da sunan wani.